Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanonin maganin ƙwari: ku gargaɗe mu da harshen da kuke yi mana talla

Zuwa ga shugabannin kamfanonin da ke haɗa maganin ƙwari da na ciyawa ko shigo da su Najeriya, da ƙungiyarku ta CropLife, da ƙungiyar dillalan kayan noma ta NAIDA.

Assalamu alaikum. Allah ya ja da ranku.

Ni ɗan kasuwa ne, wake nake sayarwa a Legas shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Ɗan manomi ne kuma, har gobe ƙannena suna noma a gida, kuma duk damina ni nake tura kuɗin taki da na feshi. Saboda haka kayanku sau biyu suke bi ta hannuna, a gona da kuma a sito. Ba baƙonku ne yake muku magana ba, mai sayen kayanku ne.

Kwanakin baya wata dattijuwa Bayarabiya mai tuyar ƙosai, wadda muka fi shekara goma muna ciniki, ta zo rumfata. Na kwance mata buhun waken da ake kira oloyin, mai kyau, jawur, babu huji ko ɗaya. Ta cusa hannu can ciki, ta ɗebo, ta kai hanci ta shinshina, ta mayar. Sai ta nuna wani buhu da na jingine gefe don ƙwaro ya fara shiga, ta ce shi take so. Na ce, Mama, wannan ai ya fara huji, ga mai kyau nan. Ta dube ni ta ce abin da bai kashe ƙwaro ba, ba zai kashe mata jikoki ba. Na auna mata bokiti biyu daga mai hujin, ta biya, ta tafi. Na daɗe zaune ban iya cewa komai ba. Matar nan ta san ni, ta san ranar sunan 'ya'yana, amma yau ta fi yarda da shaidar ƙwaro a kan tawa.

Wannan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ban zo wanke 'yan'uwana ba. A cikinmu akwai masu zuba fiya-fiya a wake, na gani da idona, na yi faɗa da wasu a kai, wasu har yau ba ma gaisawa. A ƙarshen 2018, lokacin da bidiyon masu yayyafa maganin ƙwarin nan Sniper a wake ya bazu a nan Legas, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta fito ta gargaɗi jama'a, kunya ta hana da yawanmu ɗaga kai. Wake ɗaya ke ɓata gari, mu kuwa masu wake mun fi kowa sanin haka. Duk wanda ya san abin nan guba ne ya zuba a abincin mutane don kada ya yi asarar buhu goma, ya ci amana, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Babu wani uzuri a nan.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar da abin ya fashe, "aboki" aka nuna da yatsa a kasuwa, a mota, a rediyo. Ba wanda ya tambayi yadda aka yi wannan kwalba ta isa hannun mutumin da bai taɓa karanta ko harafi ɗaya na abin da ke jikinta ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa.

Ku saurari tallanku a gidajen rediyon Arewa idan damina ta kama. Hausa ce tsantsa, mai daɗi, da kiɗa da kirari, a yabi maganin kamar ana wasa ɗan dambe: sha yanzu magani yanzu, ciyawa ta ga ta kanta, manomi sai barci. Kun san inda za ku samo gwanayen baki idan sayarwa kuke so. Sai mutum ya sayi kwalbar ya juya bayanta. A nan Hausa ta ƙare. Gargaɗin da rai ya rataya a kansa yana cikin Turanci, wani lokaci har da Faransanci, da ƙananan haruffa kamar ƙwayar gero, waɗanda ni da na yi sakandare sai na sa tabarau. A ƙasan takardar akwai wani zare mai launi, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore. Na kai shekara arba'in a duniya kafin wani malamin gona ya gaya mini cewa wannan ba ado ba ne, ma'aunin haɗari ne da ya samo asali daga rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya: ja shi ne mafi kisa, kore shi ne mai dama-dama. Sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin Sniper da fiya-fiya, hukumar ta sa shi a ajin masu tsananin haɗari. Na tambayi ƙanena ma'anar jan zaren, ya ce shi dai ya san mai jan ya fi ƙarfi, shi ya sa yake zaɓarsa.

Akwai kuma matsalar da ke cikin harshenmu kansa, kuma kuna cin moriyarta ko da ba da niyya ba. Bahaushe "magani" yake ce wa kayanku. Magani kuwa a kunnenmu abin warkarwa ne, abin da uwa take ba ɗanta. Wanda aka ce masa ga magani ba ya jin tsoro, kuma idan cokali ɗaya ya yi aiki, gani yake biyu za su fi. Sunan gaskiya na abin da ke cikin kwalbar nan guba ne. Guba ce mai amfani, wadda aka yi don ta kashe ƙwaro, amma ba ta tantance ƙwaro da ɗan Adam. Me zai hana a rubuta GUBA da manyan baƙaƙe a gaban kowace kwalba, da boko da ajami? Takardar naira dubu ma tana ɗauke da ajami don wanda allo kaɗai ya yi ya san abin da ke hannunsa. A rubuta da Yarabanci da Ibo da Fulatanci gwargwadon inda kayan za su. Kuɗin buga wannan bai kai na tallan mako ɗaya ba.

Bara na je gida lokacin da wake ke fure, na bi ƙanena gona da sassafe. Ya auna maganin da gwangwanin tumatir, ya zuba a famfon feshi, ya motsa da kara, abin da ya fantsamar masa a hannu ya goge a wando. Ba takalmi, ba safar hannu, hancinsa a buɗe. Famfon yana yoyo, rigarsa ta jiƙe sharkaf a gadon baya. Da bakin famfon ya toshe, sai ya cire shi ya sa a baki ya hura. Na daka masa tsawa, ya yi dariya ya ce haka kowa yake yi, in ya koma gida zai sha madara ta wanke. Da yamma yana ta ciwon kai da jiri, ya ce rana ce. Kwalbar kuwa da ta ƙare, na tarar an ɗauraye ta an zuba man gyaɗa.

Na san amsarku, domin ita ake bayarwa duk lokacin da wani abu ya faru: kayanmu suna da rajista, ba su da illa idan an bi ƙa'ida, wannan amfani ne ba bisa ƙa'ida ba. Ba na cewa ƙarya ce. Amma ƙa'idar da ba a karanta wa mutum ba, ta yaya zai bi ta? Kuma idan saɓa ƙa'ida shi ne abin da ake yi a kusan kowace gona da na taka, to maganar ta tashi daga kuskuren mutum ɗaya, ta koma kan yadda ake sayar da kayan. Kundin ƙa'idojin sarrafa maganin ƙwari na duniya, wanda Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya suka fitar, kuma masana'antarku ta ce ta amince da shi, ya faɗa ƙarara cewa a guji maganin da sai da kayan kariya masu tsada ko masu wuyar sawa ake iya aiki da shi, musamman ga ƙananan manoma a ƙasashe masu zafi. Ya kuma ce a yi bayanin jikin kwalba da harshen da ya dace da masu amfani da ita. Wa zai sa rigar roba da takunkumi a zafin Hadeja ko Gashuwa? Ku kun san amsar tun kafin ku loda kayan a mota.

Mu ma nan kasuwa muna da namu. Akwai ƙwayar da muke kira bom, wadda ake sa wa a cikin hatsi. Idan ta ji danshin iska sai ta saki wani hayaƙi da ba a gani, mai kashe duk abin da ke numfashi. Aikinta na rufaffen wuri ne da ba kowa a ciki, kuma na wanda aka horar. Amma a Legas, inda kuɗin ɗaki ya fi ƙarfin ɗan ci-rani, sito shi ne makwancin yaranmu. Wani dare maƙwabcina ya sa bom a buhuna ya ja tamfol ya rufe, bai gaya wa kowa ba, don shi ma bai ɗauke shi a bakin komai ba. Wani yaro ɗan dako, bai fi shekara goma sha tara ba, ya shiga ya kwanta a gefen buhunan saboda ruwan sama. Da asuba muka same shi yana amai, yana riƙe ƙirji, numfashi sama-sama. Nan take wani ya ruga neman manja, wani ya ce a ɗura masa madara. Allah ya sa akwai mai Keke a kusa muka kai shi asibiti. Likita ya ce wannan guba ba ta da makari, sai dai a tallafi numfashi da zuciya a jira ikon Allah, kuma ɗura wa wanda ya galabaita abu a baki na iya sa ya shaƙe. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, ya koma garinsu bai sake dawowa ba. Mutumin da ya sayar wa maƙwabcina ƙwayar, a ƙulle cikin leda ya ba shi, ba gwangwani ba takarda. Abin da ya gaya masa kawai shi ne yawan da zai sa a kowane buhu.

Ba yau aka fara ba. A 2008, zamanin shugabancin marigayiya Dora Akunyili, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari 30 bayan mutane da dama sun kwanta asibiti a Kuros Riba da Gombe saboda cin wake mai guba, cikinsu har da ɗalibai 'yan mata. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen wakenmu. Iyakar dichlorvos da dokarsu ta yarda da shi miligiram 0.01 ne a kowane kilo, amma a wasu buhunan da suka auna sun sami har 4.6, wato ninki 460. A 2016 suka ƙara wa haramcin shekara uku. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, amma ga shi an ce ba a so. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba asarar kasuwar ba ce. Waken da Bature ya auna ya ce ba zai ba 'ya'yansa ba, irinsa ne muke aunawa da gwangwanin awo na derika a kasuwannin Mile 12 da Iddo da Agege, ba wanda ya gwada shi, a kai gida a yi alale da ƙosai, yara su ci su tafi makaranta. 'Ya'yana ma shi suke ci.

A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, bayan matasa sun yi ta hallaka kansu da shi, ta ce manyan kwalabe sai a shagunan kayan noma masu izini. Ta kuma sa ranar daina amfani da maganin ciyawar nan paraquat daga farkon 2024. Shi paraquat Turai ta haramta shi tun 2007, amma aka ci gaba da kawo mana shi shekara da shekaru. Duk waɗannan matakai daga hukuma muka ji su. Da a ce daga bakinku muka fara ji, da a ce ku ne kuka fito kuka ce wannan kaya ya fi ƙarfin yadda ake aiki da shi a ƙasar nan, mun janye shi, da yau maganarku ta fi haka nauyi.

Kada ku ɗauka ina cikin masu cewa a daina feshi gaba ɗaya. Wanda ya taɓa ganin tsutsa ta cinye furen wake cikin mako guda ba zai faɗi haka ba. Ina nan a 2016 lokacin da ƙwaron da manoma ke kira sharon ya share gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba a Mile 12, mutane da yawa suka karye. Manomi yana bukatar kayanku. Amma a wannan shekarar ma na ji da kunnena yadda masu lambu, don ruɗewa, suke haɗa magani uku huɗu a famfo ɗaya, su yi feshi yau su tsinka gobe su loda wa tirela. Kowane magani yana da adadin kwanakin da ake jira tsakanin feshi da girbi. Yana nan a rubuce, a cikin ƙananan haruffan nan. Ban taɓa jin an ambace shi a talla ba, ko sau ɗaya.

Shirun nan ku ma yana cutar da ku. Inda mai gaskiya ya yi shiru, mai jita-jita ne ke samun fili. Kullum sai an turo mini saƙon murya a WhatsApp, wannan ya ce duk ciwon ƙoda daga wake ne, wancan ya ce da gangan ake sa guba don a rage wata ƙabila. Irin wannan magana a gari kamar Legas ba abin wasa ba ce, mu da muke zaune a kasuwa mun san yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Ku dubi abin da ya faru a waje da maganin ciyawar nan glyphosate, wanda manomanmu ma suke amfani da shi sosai. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa ne yana jawo cutar. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce ba ta ga haka ba, Turai ma ta sabunta masa izini na shekara goma a 2023. Masana sun rabu. Amma abin da ya fi ɓata sunan kamfanin Monsanto, mai yin maganin, shi ne takardunsa na cikin gida da suka fito a kotu, waɗanda suka sa jama'a suka ga kamar kare kasuwa ya fi damunsa a kan fayyace gaskiya. A 2020 kamfanin Bayer, wanda ya sayi Monsanto, ya amince zai biya sama da dala biliyan 10 don sasanta ƙararraki, ba tare da ya amsa laifi ba. Can suna da kotu da lauyoyi da ɗakunan gwaji. Mu nan hancin mai ƙosai ne ɗakin gwajinmu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, game da ajiyar wake, mafita tana nan tun tuni. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma tun 2007, a Kano ma ana yin sa. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu na uku a waje. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki ya shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu, ba a sa ko ɗigon magani ba. Kakanninmu ma da toka da yashi da rufaffiyar tukunya suke yi, hikimar ɗaya ce. Shekara shida ke nan ina aiki da shi, kuma waken da dattijuwar nan ta ƙi saya daga cikinsa ya fito. Ya fi buhun gargajiya tsada, gaskiya ne, kuma ɓera ko tsinke na iya huda shi, amma idan an kula ana maimaita shi fiye da kaka ɗaya. Cibiyar binciken adana amfanin gona da ke Ilori ta daɗe tana koyar da irin waɗannan hanyoyi. Sai dai muryarta ba ta kai taku ba. Shagunan dillalanku sun shiga ƙauyukan da malamin gona bai taɓa takawa ba, kuma a wurin manomi mai shagon nan shi ne likita, shi ne malami. Idan mutum ya zo ya ce a ba shi abin da zai sa a wake, mai shago ya ce masa wannan ba na abinci ba ne, ga buhu, magana ta ƙare. Ku ne za ku iya sa shi ya faɗi haka, ku ne kuma za ku iya yanke wa wanda ya ƙi kaya.

Roƙona bai wuce wannan ba. Duk tallan da za a sa a rediyo, a ware masa rabin minti da muryar mai kirarin nan, ba da sauri kamar ana korarsa ba, a faɗi cewa guba ce, a faɗi kwanakin jira kafin girbi, a faɗi cewa ba a zuba ta a abinci kuma ba a kwana ɗaki ɗaya da ita. A gaya wa mutane alamomin da ake gani idan fiya-fiya ta shiga jiki, dalalar miyau da gumi da amai da ƙanƙancewar ƙwayar ido, a ce musu manja da madara ba sa karya ta, a cire wa mutum tufafin da suka jiƙe a wanke jikinsa, a garzaya asibiti tare da kwalbar don likita ya san abin da zai yi. Ku karɓi kwalaben da suka ƙare ko da da ɗan tukuici ne, don su daina komawa kicin. Idan kuma wani abu ya faru, kada ku bari sai hukuma ta kira ku. Ku fito ku yi magana, da Hausa da Yarabanci, ku faɗi abin da ya faru da abin da za ku gyara.

Ku kuma zo Legas ku same mu. Kuna shirya taron manoma a gonakin gwaji, amma mu da hatsin ke kwana a hannunmu wata da watanni ba mu cika ganinku ba. Ku nemi shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, za su tara muku 'yan wake da 'yan dako da masu sito, ranar Lahadi bayan La'asar lokacin da kasuwa ta lafa. Ku zo da wanda ya iya Hausa, ku zo da kwalaben da buhunan, ku bari a yi muku tambaya ko da mai zafi ce. Ni zan shimfiɗa tabarma a gaban rumfata, zan kuma aika a kira dattijuwar nan mai ƙosai ta zauna a gaba, domin tana da tambayoyin da ni na kasa amsa mata.

Wassalam.

Naku,
Wani mai sayar da wake a Legas